Ciyawar da ta Mayar da Ni Ɗan Kurfi

A Dutsin-Ma ta yanzu, mai noman rani ba ya jiran kowa. Ya kafa bututunsa a fadama, ya ja igiyar ɗan injinsa, ruwa ya fito, ko maƙwabcinsa bai gaida ba albasarsa za ta sha. A zamanin da zan ba ku labari ba haka ba ne. Garkunan da ke ƙasan dam duk hanyar ruwa ɗaya suke sha, 'yar magudana ce ta ƙasa da kakanninmu suka haƙa da fartanya, kuma kowace garka da ranarta. Idan ranarka ta zo sai ka fasa bakin da ke shiga wurinka, idan ka ƙoshi ka toshe da laka, na gaba ya fasa nasa. Wanda ya yi wa jama'a laifi ba a kai shi gaban alƙali, tsallake shi kawai ake yi. Sai kun riƙe wannan za ku gane abin da ya faru tsakanina da yayana, wanda kuke kira Baba Sale, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji a wurin suna, daga bakin ɗaya daga cikinku, ku 'ya'yana. Yana gaya wa abokinsa cewa mu 'yan Dutsin-Ma ne na asali, Baba Sale ne ya kori mahaifinsu daga garkar gado, shi ya sa muka koma Kurfi. Ban tanka ba a wurin saboda akwai baƙi. Amma ba haka aka yi ba, kuma ba na so in mutu wannan magana tana yawo tsakaninku da 'ya'yansa.

Kun san na yi ƙuruciyata da rabin girmana a waje. Gyaran injin ban-ruwa na koya, wani kamfanin haƙa rijiyoyi ya ɗauke ni, shi ya yi ta yawo da ni. Na zauna a Chadi har na iya cinikin kasuwa da Faransanci, na daɗe a Sudan inda Larabci ya zauna mini a baki, daga ƙarshe aka kai ni Pakistan, ƙasar da ban taɓa ganin inda aka raba ruwa aka tsara shi kamar can ba. A can ne ciwon ciki ya kwantar da ni. Tsohuwar mai gidan da nake haya ta riƙa jiƙa mini wani ɗan saiwa mai ɗaci da ƙamshi, kaɗan take sawa, har na miƙe. Da na warke ta kai ni bayan gida ta nuna mini ciyawar, tana tsaye cikin taɓo a gefen magudana, ganyenta dogo mai faɗi kamar takobi. Su suna ce mata bach. Daga baya na gane ita ce Larabawan Sudan ke sayar da busasshen saiwarta a shagon masu magani suna ce mata wajji, ban dai taɓa ganin ta da rai ba sai ranar. Da zan taho gida tsohuwar ta yanko mini saiwa, ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, na sa cikin buta na taho da ita. Yau da wuya a bar mutum ya wuce filin jirgi da irin wannan, a lokacin ba wanda ya leƙa butar.

Na dawo na tarar mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, garkarsa tana hannun Yaya Sale. A gidansa na sauka da mahaifiyarku da manyan cikinku, ya ba mu ɗakuna biyu. Da muka huta ya ja ni garka, ya nuna mini ɓangaren da ya ce rabona ne, ya tambaye ni abin da zan sa. Na kwance tsumman na nuna masa.

"Citta ce?"

"A'a, Yaya."

"Ana miya da ita?"

"Ba a yi."

"Ana saidawa?"

"A can dai ana saidawa."

Ya juya saiwar a hannu, ya shinshina, ya dube ni.

"Isiya, ka zagaye duniya ka dawo mana da abin da ba a ci, ba a saidawa. Sannu da ƙoƙari. To ina za mu sa ta?"

Na zaɓi ƙarshen garkar, wani lungu mai kwari inda ruwa ke kwanciya, wurin da albasa ke ruɓewa, shi kansa ya daina shuka komai a ciki. Ita wannan ciyawa haka take so, ƙafarta cikin taɓo, kanta cikin rana. Ba a binne ta. Kwantar da saiwar ake yi a kan laka, a danna ta kaɗan, bayanta a waje kamar ƙadangare yana shan hantsi. Na yi haka na tafi. Bayan kwanaki na dawo na tarar Yaya Sale ya ji tausayinta, wai ƙanensa bai iya noma ba ya bar iri a fili, ya yi mata huɗa mai tudu kamar rogo. Ƙasar ta bushe a kanta, saura kaɗan ta mutu. Na baje tudun da hannu yana tsaye yana ce mini duk abin da ba ya son huɗa ba amfanin gona ba ne. Duk da haka, daga ranar shi ne mai fara duba ta kullum kafin ya duba albasarsa.

Ta kama. Rani na biyu ta kai ƙugun mutum, ta cika lungun, koriya shar lokacin da komai ya yi fari. Ni kuma ban zama manomi ba. Gyaran injin niƙa da na ban-ruwa ya ɗauke ni, yau ina Karofi, gobe ina Shema, sai in yi mako ban taka garkar ba. Ban lura ba ashe saiwar ta rarrafa ta ƙarƙashin shinge ta shiga cikin hanyar ruwan jama'a.

Mai raba ruwa a lokacin wani dattijo ne, Malam Dahiru. Ya yi shekaru yana cin rani a wajen Haɗeja da Nguru, ya ga yadda ciyawar nan da ake kira kachala ta cinye fadamu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ya ga garuruwan da mutanensu suka bar gonakinsu saboda ita. Ita kuma tawa, idan ka hango ta daga nesa, ba ta da maraba da kachala mai tasowa. Wata safiya ya zo da manoma kamar shida, ni da Yaya Sale muna garkar.

"Malam Sale, wa ya kawo mana kachala cikin ruwanmu?"

Na ce masa ba kachala ba ce. Na tsinko ganye na murza a tafin hannu na miƙa masa. Kachala ba ta da ƙamshin komai, wannan kuwa da ka murza ta sai ka ji kamar ɓawon lemu an haɗa da kanumfari. Ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi, ganyen ya zagaya hannu zuwa hannu, wani ma ya soke shi cikin hula.

"Ƙamshi kam akwai, Alhaji," in ji Malam Dahiru, don haka mutane ke kirana tun da na dawo daga waje. "To kachala mai turare ce ka kawo mana."

Aka yi dariya. Na shiga yi musu bayani. Na ce kachala tana fitar da kai kamar gero, iska ta kwashi irinta ta watsa ko'ina, wannan kuwa ba ta yin iri, da saiwa kawai take tafiya, a hankali. Na nuna musu jijiyar da ke tsakiyar ganyen da yadda gefensa ke lanƙwashewa. Ya bari na gama, sannan ya sa sandarsa cikin magudanar ya ɗago wata saiwa mai kauri.

"A hankali take tafiya, na ji. Wannan wa ya aike ta nan? Alhaji, waccan ma da 'yar kaɗan ta fara. Ni na gani da idona, ba labari aka ba ni ba."

Ni ma na gani da idona a wani wuri. A Sudan na yi aiki a bakin kogi inda wata ciyawa mai shuɗin fure, da aka ce don ado aka fara kawo ta, ta rufe ruwa har jirgi ba ya wucewa. Na san tawa ba irin wannan ba ce, amma ba ni da shaidar da zan ba mutumin da abincin iyalinsa ke bin wannan 'yar magudana. Sun yi kuskuren suna, tsoronsu kuwa yana kan hanya. Malam Dahiru ya ce a cire ta duka a ƙone, in ba haka ba za a tsallake garkarmu. Yaya Sale ya ce su je, za mu yi shawara. Da yamma ya ce mini kada in damu, ya san yadda zai yi da su, tare suka tashi. Bayan kwana biyu ya ce an sasanta. Na yarda, na koma yawon gyarana.

Na jima ban je ba. Ranar da na je da la'asar ne, na hango Yaya Sale tun daga nesa yana tahowa daga wani kududdufi da ke can ƙasa, garwa biyu rataye a sanda bisa kafaɗarsa, mutumin da a lokacin furfura ta gama cin gemunsa. Albasar ta yi rawaya daga sama, ganyen ya fara kwanciya. Na duba bakin da ruwa ke shigo mana, na ga lakar da aka toshe shi da ita ta bushe har ta tsattsage. An daɗe ba a fasa shi ba. Lungun ciyawata kuwa a jiƙe yake, ashe rabin abin da yake ɗaukowa ita yake zuba wa.

"Yaya, yaushe rabon da a ba mu ruwa?"

"Ka zo taya ni ko ka zo tambaya?"

"Ka ce mini an sasanta."

"An sasanta mana. Sun riƙe ruwansu, na riƙe ciyawata."

Na ce masa wannan ba hankali ba ne, albasar nan ita ce abincin gidansa na shekara, kuma mu ma cikinta muke ci. Ya sauke garwar, ya zauna a kan kunya yana haki. Sannan ya ce a hankali:

"Isiya, tun da aka haife ka, mi ka taɓa sa wa cikin ƙasar Baba da hannunka in ba wannan ba? Ka zo da jaka, har yau ba ka kwance ta duka ba, ina gani. In na cire wagga ciyawa, mi zai riƙe ka? Gobe masu rijiya su kira ka, ka tafi, sai kuma wata shekara ashirin. Ni ba ni da wata shekara ashirin."

Ban san ya san kamfanin sun aiko nemana ba. Sun aiko, kuma ban ce musu a'a ba, cewa na yi su ba ni lokaci. Na tsaya ina kallon albasar nan da ke mutuwa saboda ni, na ga ba zan iya bari ta ƙara kwana haka ba. Na ɗauki fartanyarsa na nufi lungun. Ya taso ya riƙe ƙotar, na fizge. A nan ne ya ɗaga murya, har na garkunan kusa suka miƙe suna kallo.

"To cire! Kwashe kayanka ka tafi! Dama tafiya kaɗai ka iya!"

Waɗannan kalmomi su ne mutane suka ji, su suka kai gari, su ne kuka gada a matsayin kora. Ba wanda ya ji abin da ya faɗa kafin su, domin a hankali ya faɗe shi, ni kaɗai ya gaya wa.

Ya juya ya tafi gida, ni na shiga taɓo. Cire ta ya fi dasa ta wuya nesa ba kusa ba, domin duk guntun saiwar da ka bari zai tsiro. Sai da na bi magudanar da yatsu ina lalube cikin laka. Malam Dahiru ya zo ya tsaya yana kallo, can ya naɗe wandonsa ya shigo ya taya ni. Da muka gama ya bi wurin da sanda ya tabbatar, sannan ya ce ba sai an ƙone ba, in dai zan fitar da ita daga fadamar. Da hannunsa ya fasa bakin garkarmu kafin magariba, ba ma ranarmu ba ce. Albasar ta farfaɗo, amma ba duka ba. Abin da Yaya Sale ya kwashe a shekarar bai kai rabin na kullum ba, kuma bai taɓa ambata mini ba har ya koma ga Allah.

Na cusa saiwar a buhuna na jiƙa su, na rasa inda zan kai. Gidan Yaya Sale a kan dutse yake, ruwan sha ma saye ake yi. Sai na tuna babbar yayarmu, Yaya Hajo, wadda kuke kira Gwaggo, tana zaune a Kurfi tun rasuwar mijinta, kuma akwai rijiya a gidanta. Da safe na ɗaure buhunan a bayan babur na kama hanya. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida, na ba ta labari tun daga farko. Ba ta ɗago kai ba sai da na gama.

"Kai da Sale kun yi furfura ba ku yi hankali ba. A kan ciyawa! Buɗe in gani."

Ta karya saiwa ɗaya ta shinshina.

"Ai kajiji ne."

"Ba kajiji ba ne, Yaya. Kajiji ƙanana ne, wannan kuwa..."

"Kajijin baƙi ne to. Kada ka cika ni da Larabci."

Sunan da ya bi ta ke nan har yau. Na ce mata matsalar ita ce ruwa, ba ta jure bushewa ko ta yini biyu, kuma ba zan ɗora wa gidanta jan guga saboda ciyawa ba. Ta tashi ta ja ni gindin lemun da ke kusa da rijiya, inda akwai wani faffaɗan dutse da ake alwala a kai, ruwan yana gangarewa ya kwanta a wani ɗan kwari.

"Nan za ka sa ta. Ruwan wanki da na wanke-wanke ba zai zo nan ba, sabulu zai kashe ta. Ruwan alwala kaɗai. Gidan nan mu goma sha ne, kowa sau biyar. In ta mutu, to mun daina salla ne."

Ta kafa doka a ranar cewa ba mai alwala a wani wuri sai kan dutsen nan, har baƙo. Na ga dabarun ban-ruwa a ƙasashe da yawa, da injuna da ƙofofin ƙarfe da ma'aikata masu riƙe da makulli, amma wannan ne kaɗai na gani da ba ya buƙatar mai tsaro. Na kewaye kwarin da duwatsu har ƙasa don kada saiwar ta sake yawo. Ta yi kwanaki a kwance kamar ba za ta tashi ba, sannan sabon ganye ya fito daga tsakiya.

Zaman gidan Yaya Sale ya yi nauyi a damunar nan. Muna gaisawa, muna salla sahu ɗaya, amma hira ta mutu. Ni kuma na riƙa zuwa Kurfi duba ciyawa, tun ina kwana ɗaya har na koma kwana uku, mutanen garin suka gane akwai mai gyaran inji, aiki ya fara samuna a can. Akwai kango jikin gidan Yaya Hajo, na 'ya'yanta ne, ta sa suka sayar mini. Na aika wa kamfanin cewa ba zan dawo ba. Ban gaya wa Yaya Sale ba, na ga gara ya ga tubali da idonsa. Da kaka na kwashe ku muka koma. Ranar da muka tashi ya taya mu ɗora kaya a mota, ya ce Allah ya sa alheri.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune gindin lemu sai ga sallamarsa. Ya ce ya zo gaida Yaya Hajo ne. Ya gaida ta, ya leƙa ta katanga ya ga ginina, ya tambayi wanda ya yi mini rufin, ya ce an cuce ni a azara. La'asar ta yi, aka miƙa masa buta, Yaya Hajo ta nuna masa dutsen. Ya tsuguna, ya ga abin da ke gabansa, ta kai gwiwa a lokacin. Ya yi alwalarsa a natse, da ya gama ya tuttule sauran ruwan butar a gindinta, ya ce a ƙaro masa wata.

"Alwala biyu za ka yi?" in ji Yaya Hajo.

"Yaya, ki bar ni. Kun bar ta da ƙishirwa."

"Ka ga marar kunya. Wata nawa ba ka tako gidan nan ba, yau ka zo kana koya mana ban-ruwa?"

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sannan ya juyo wurina, ba tare da ya dube ni sosai ba.

"Ginin nan naka, na zama ne ko na ajiye kaya?"

"Na zama ne, Yaya."

"To madalla." Ya miƙe yana gyara hula. "Juma'a mai zuwa zan zo da Malam Dahiru. Ya dame ni wai matarsa na son ta sa cikin akwatin tufafi."

Haka ta bazu, ba ta hanyar ruwa ba, ta hannun mata. Duk bayan damina biyu nakan haƙe ta in raba, in mayar da masu idon tsiro, sauran a wanke a yanka a shanya a inuwa. Gwaggonku tana sa busasshen cikin tufafi, tana kuma jefawa cikin tulun wake, ta ce ƙwari ba sa son warin. Ina dai gargaɗinku kamar yadda tsohuwar can ta gargaɗe ni, ba abin tauna ba ne kamar goro, kuma ba a ba mai ciki ko jariri. Wanda ya karɓi saiwa a hannuna sai ya yi mini alkawarin ba zai kai ta fadama ba.

Ina gode wa Allah da ya ba ni yayan da ya yarda albasarsa ta ƙone don kada in sake tafiya, da yayar da ta sama wa baƙuwar ciyawa wuri a gidanta ba ta tambayi amfaninta ba. Har Malam Dahiru ina yi masa addu'a, domin ya tsare ruwan mutane kuma bai wulaƙanta ni ba. Rabona na garkar na bar wa 'ya'yan Baba Sale da bakina, a gaban shaidu, ba wanda ya ƙwace. Ban sake noma ƙasar mahaifinmu ba, ban kuma sake fita ƙasar nan ba sai aikin Hajji. Daga shekarar nan Yaya Sale bai fasa zuwa Kurfi ranar Juma'a ba sai da ƙafa ta gagare shi, daga nan ni na riƙa ɗauko Yaya Hajo muna zuwa masa Dutsin-Ma. Mu uku da muka rabu tun muna yara, tare muka tsufa.